IN MAI RENO TA YI MAGANA, A SAURARE TA

 A wannan mako zan jingine maganar siyasa da tsadar kayan masarufi, in kawo muku wani al'amari na cikin gida wanda ya auku a kan idona, har ni ma ina da nawa kason laifi a cikinsa. Na nemi izinin waɗanda abin ya shafa, sun kuwa yarda, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba.

A unguwar Turaki ta cikin garin Jalingo akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo, wadda sana'arta ita ce renon 'ya'yan mata ma'aikata. Tun da aka fitar da Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, Jalingo ta zama hedkwata, ofisoshi da makarantu suka yawaita, mata da dama suka shiga aikin gwamnati, waɗansu kuma suka kama rumfuna a kasuwa. Da yawansu ba su da uwa ko kaka a kusa, saboda haka da sassafe sai su sauke goyonsu a gidajen irin su Goggo, ba su dawowa ɗauka sai bayan la'asar. Watau yaro yakan yi awa 8 ko 9 a hannun mai reno, ya koma gida ya ci tuwo ya yi barci.

Cikin yara 6 da ke hannun Goggo bara har da ɗan ƙanwata, ɗan farinta, yana da wata 22 a lokacin. Yaro ne mai ƙiriniya, yana gudu, yana hawan turmi, sai dai ko kalma ɗaya ba ya furtawa. Ran nan sai wani farantin tasa ya suɓuce daga hannun Goggo ya faɗi a kan siminti. Yara biyar suka firgita, biyu daga cikinsu suka fashe da kuka, shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba. Goggo ta yi shiru. Kashegari ta zagaya bayansa ta kira sunansa, bai juyo ba. Ta tafa hannu, bai juyo ba. Amma da ta zo gabansa ta buɗe masa hannu, sai ya taho a guje yana dariya.

Mako uku tana juya maganar nan a ranta, domin ta san halin mutanenmu. Ta san ana iya cewa ta yi wa yaro baki, ta kuma san da kuɗin renon nan take awon hatsi. Daga ƙarshe dai ta tsai da ƙanwata a bakin zaure ta ce, "'Yata, zauna mu yi magana. Angon nan nawa, ina jin kunnensa da damuwa. Ki kai shi asibiti a duba, in babu komai sai mu gode wa Allah." Ƙanwata ta ce, "To Goggo, na ji." Ta goya ɗanta ta fita, ba ta sāke kai shi gidan ba. Da ta isa gida kuwa cewa ta yi bakin tsohuwar ya sari ɗanyen kashi.

A daren ta buga mini waya, a matsayina na yayanta wanda ya ɗan taɓa boko. Me na ce mata? Na ce ta kwantar da hankalinta, nauyin baki ne kurum, ai wani kawunmu sai da ya shekara uku kafin ya yi magana. Na ƙara da cewa harsuna ne suka yi wa yaron yawa, tun da ubansa Fillanci yake yi masa, ita Hausa, maƙwabta kuma Mumuye. Ta yi ajiyar zuciya ta yi mini godiya, ni kuma na kwanta ina jin na yi aikin lada.

Bayan wata biyar sai wani mai babur ya yi ta danna ham a bayan yaron a ƙofar gida, yaro bai gusa ba, Allah ne kaɗai ya tsare. Ran nan uban ya ɗauke shi sai asibiti. Tambayar farko da likita ya yi ita ce ko yaron ya yi shawara yana jariri. Sa'an nan ƙanwata ta tuna idonsa ya yi rawaya kafin suna, aka riƙa shanya shi a hantsi ana ɗura masa jiƙo. Gwaji ya tabbatar da raunin ji mai tsanani a kunnuwansa duka biyu. Yanzu an sa masa na'urar ƙara ji, ya fara kama waɗansu kalmomi, mutanen gida kuma suna koyon magana da shi da hannu. Amma wata biyar ɗin nan sun tafi, kuma da bakina aka ɓatar da su.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ga abin da uwa da uba da ni ɗan jarida ba mu gani ba? Dalili a fili yake. Uwa ɗanta kaɗai take kallo, kuma da idon ƙauna, mai reno kuwa tana kallonsa a tsakiyar tsararrakinsa, ta kuma reni wasu da yawa kafin shi, saboda haka tana da ma'auni a ka. Har ila yau akwai al'adarmu ta kunyar ɗan fari, wadda ta fi ƙarfi a gidajen Fulani, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Uwar da ba ta kiran ɗanta da suna, yaushe za ta gane ba ya amsawa?

Gaskiya ne yara ba su girma bai ɗaya, amma bambancin yana da iyaka, masana kuma sun auna iyakar. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin diddigin yara 816 daga Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, inda aka ga lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin wata 4 da wata 9, suna tafiya ba riƙo tsakanin wata 8 da wata 18. Kazalika a 2022 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sabunta jerin abubuwan da yara 75 cikin 100 ke yi a kowane mataki. Mai shekara ɗaya yana ɗaga hannu ya yi ban kwana, yana kiran mama ko baba. Mai wata 18 yana ƙoƙarin faɗin kalmomi uku ko fiye ban da waɗannan biyu, yana nuna abu da yatsa don a duba. Mai shekara biyu yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "ƙara ruwa". Yaron da ya wuce waɗannan lokuta bai yi ba, ko kuwa ya iya abu daga baya ya daina, ya cancanci a duba shi. Dubawar ba ta nufin lalle akwai ciwo.

Batun yawan harsuna da na kawo wa ƙanwata kuwa, kuskure ne. Yaron da ke tashi cikin harshe biyu ko uku yana fara magana a daidai lokacin da sauran yara ke farawa, sai dai in za a ƙirga kalmominsa a haɗa na dukan harsunan. Da yawan harsuna na hana magana, da rabin yaran Jalingo bebaye ne.

Abubuwan da kan jawo jinkirin girma, akasarinsu sanannu ne a gidajenmu. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyar ji, alhali a asibiti ana maganinta da wata fitila mai shuɗin haske in an zo da wuri. Akwai doguwar naƙuda wadda jariri ke fitowa bai yi kuka nan take ba. Akwai sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, da tamowa, da ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda ake raina shi. Ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ba, wadda ta kashe yara wajen 400, ta bar waɗansu da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma lalurorin da ake haihuwar yaro da su, irin wadda likitoci ke kira otizim. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bakin mai reno ke jawowa, kuma babu wanda ke mai da yaro ɗan ruwa kamar yadda ake faɗa a tsakar gida.

Matsalar kuwa ba ta gida ɗaya ba ce. A 2018 wani rukunin masana a ƙarƙashin jagorancin Dokta Bolajoko Olusanya, likitar yara 'yar Nijeriya da ke Legas, ya ƙiyasta cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke da irin waɗannan lalurori a duniya, kashi 95 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, raunin gani ne kan gaba, raunin ji na biye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya kaucewa take zuwa.

Me ya sa ake gaggawa? Domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekaru ukun farko ƙwaƙwalwa ke aza tubalin harshe, kuma da abin da kunne ya ji take ginawa. Alal misali, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara 20 aka koma aka neme su, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna abin da suke samu a sana'a ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Wasa da hira ne fa kurum, amma a kan kari.

To, ga shawarata ga masu reno. Ki faɗi abin da kika gani, kada ki raɗa wa ciwo suna, domin wannan aikin likita ne. "Na kira shi ta baya sau uku bai juyo ba" ya fi "ɗanki kurma ne" sauƙin shiga kunne. Ki keɓe uwar, ban da gaban sauran mata, ban da lokacin da take sauri. Ki fara da abin da yaron ya iya, ki tambaye ta yadda yake yi a gida, in da hali a sa uban a ciki tun da fari. Sirrin yaron kuma ya tsaya a bakinki. In an yi fushi ki yi haƙuri, ki sāke tuntuɓa bayan 'yan kwanaki.

Ga iyaye kuma, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matar da ta san maganarta na iya raba ta da abincinta, amma ta daure ta faɗa, masoyiyar ɗanku ce. A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, a tafi da katin riga-kafi, a nemi a duba kunne da ido da nauyin yaro. Mutanen Jalingo suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, in abin ya fi ƙarfin na unguwa. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, a haɗa duka. In an duba babu komai, kuɗin keke da yini ɗaya kaɗai aka rasa. Dangi irina kuwa, mu daina kwantar da hankali da abin da ba mu da sani a kai.

Hukuma ma tana da nata aikin. Bayan allurar wata 9 da ta wata 15, yawancin yaranmu ba su sāke haɗuwa da malamin asibiti sai in ciwo ya kwantar da su, alhali a daidai wannan tsakani magana ke fitowa. A Amurka Ƙungiyar Likitocin Yara ta ba da shawarar a auna ci gaban kowane yaro a wata 9, 18 da 30. Mu a nan, ko tambayoyi huɗu ne a ƙara a ranar riga-kafi: yana juyowa in an kira shi, yana nuni da yatsa, kalma nawa yake faɗa, ya fara tafiya? Sa'an nan hukumomin lafiya matakin farko na jihohi su riƙa tara masu reno na unguwanni, ko na yini ɗaya ne, a koya musu waɗannan alamu da inda za su tura iyaye. Idanun suna nan a kowace unguwa, horo kaɗan suke bukata.

Bayan sallar da ta wuce na raka ƙanwata gidan Goggo da turmin atamfa da ƙwaryar goro. Ƙanwata ta durƙusa ta kasa magana. Goggo ba ta bar ta ta ba da haƙuri ba, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta juyo da fuskarsa gabanta yadda zai ga bakinta, ta ce, "Angona, ka dawo?" Ran Litinin da sassafe aka mai da shi hannunta.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.