Ba kutse aka yi muku ba, ku kuka bar ƙofa a buɗe

1/ Masu kodin, yau da ku nake. Wanda ya girka PostgreSQL ya bar izini yadda ya zo, kamar mai shagon da ya tafi masallaci ne bai ja ƙofa ba. Ku yi haƙuri, sai na faɗa 🧵

2/ Bara wani kamfani ya kira ni, ba zan kama suna ba. Teburin albashi ya ɓace, wai an yi musu kutse. Na duba. Manhaja, mai haɗa rahoto, har ɗan koyon aiki, duk da asusun postgres suke shiga. Mai cikakken iko fa! Yaron ya buga DROP TABLE yana zaton sabar gwaji ce.

3/ Suka kore shi. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Wa ya miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya?

4/ Akwai wani rukuni, PUBLIC. Duk asusun da ka ƙirƙira yana ciki, ko ka so ko ka ƙi. Kafin PostgreSQL 15 da ta fito a 2022, kowa na iya ƙirƙirar tebur a cikin public. Su kansu masu manhajar sun ga haɗarin, suka cire.

5/ "Ai mun sabunta zuwa 15." To malam, tsohon rumbun da ka kwaso da tsohon izininsa ya taho. Sai ka cire da hannunka:
REVOKE CREATE ON SCHEMA public FROM PUBLIC;

6/ Kuma har gobe PUBLIC na da CONNECT a kan sabon rumbun bayanai, yana da EXECUTE a kan duk sabon fanshin. ALTER DEFAULT PRIVILEGES na gyara na fanshin, amma ga abin da za a ƙirƙira nan gaba kawai. Na baya suna nan yadda suke. Nan mutane da yawa ke faɗawa.

7/ Na san amsarku: "aiki ya yi yawa, oga na jira." Haba. Asusun karatu kawai ga mai rahoto, minti goma ma bai kai ba. A farkon 2017 dubban rumbunan MongoDB aka share aka nemi kuɗin fansa, saboda an bar su a intanet babu kalmar sirri.

8/ Lambar waya da BVN na mutane ne a hannunku, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanai. Buɗe psql yanzu, buga \du, ka ƙirga mini masu Superuser. In sun wuce ɗaya, ina jiran hujjarka a ƙasa.