Lustur ko fanka: wa ya fi cancantar tsakiyar salo?

A sabbin gidajen Yamai, Maraɗi da Damagaram, babbar fitilar ado mai rassa da ƙyalƙyali, wadda masu shago ke kira lustur, ta zama shaidar cewa gini ya kammala. Ƴan ci-rani da dama kan zaɓe ta a hoton WhatsApp, su aiko kuɗi a saya. Matsalar ita ce ana saye tun ba a auna ɗakin ba.

Masu aikin ado na barin aƙalla mita 2.1 tsakanin ƙasa da gindin fitilar. Idan tsayin ɗaki mita 3 ne, lustur da sarƙarsa ba za su wuce santimita 90 ba. In ya zarce haka, dogon baƙo zai yi karo da shi. Ƙugiyarsa kuma a jikin kankare ko ƙarfen rufi ake kafa ta, domin plafon kaɗai ba ya ɗaukar nauyi.

Sai batun fanka. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, tsakiyar ɗaki ta fanka ce. Wanda ya ture ta gefe saboda ado zai gane kurensa da bazara. In kuma aka matse su wuri guda, fikafikan fanka na yanka haske, ɗaki ya riƙa walƙiya. Ya fi dacewa lustur ya koma saman teburin cin abinci ko mashigar gida.

Ba a manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, birane suka shiga duhu. Lustur mai ƙwai 12 irin na da, kowanne wat 40, yana jan wat 480. Da ƙwan LED mai wat 4, wat 48 ne kacal, abin da batirin sola zai iya riƙewa, kuma takardar NIGELEC ta yi sauƙi.

Masu son lustur na da hujja: gida abin alfahari ne, kuma wanda ya sha wahala a Agadas, Legas ko Tarabulus yana da ikon ƙawata nasa. Amma ƙurar hunturu ba ta san tsada ba, kuma ƴan gida ne za su hau tsani su goge gilasan ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a aiko kuɗi, a nemi mai aikin wuta ya auna ɗakin, ya faɗi inda fanka za ta zauna, sannan a zaɓi fitila.