Jirgin Wasa da Idanun da Suke Tsaronsa

Yara da yawa sun ga hoton jirgin wasan nan na ƙasashen Turai da Amurka, wanda yakan hau sama kamar tsauni, sa'an nan ya gangaro a guje, mutanen ciki suna ta kururuwa, wani lokaci ma kansu a ƙasa. Tambayar da sukan kawo aji ita ce, ina direba? Amsa kuwa, babu shi. Yawancin jiragen nan ko inji ba su da shi. Sarƙa ce take jan taragon zuwa ƙolin tudun farko, daga nan nauyinsa ne yake kai shi har ƙarshe. Sa'ad da aka buɗe wani na farko-farko a Koni Ailan ta birnin Niu Yok a 1884, mil 6 kaɗai yake yi a awa. Wanda aka buɗe a Abu Dabi a 2010 yana kai kilomita 240 a awa. To, me yake hana tarago ya ci ma ɗan'uwansa ya buge shi?

Dabarar daga reluwe aka aro ta. Dattawan da suka yi aikin jirgin ƙasa za su tuna, inda dogo ɗaya ne tak, direba ba ya barin tasha sai an danƙa masa alamar izini, kuma ba a ba jirgi biyu izinin yanki ɗaya. Haka nan ake rarraba hanyar jirgin wasa yanki yanki. A ƙarshen kowane yanki akwai wurin da za a iya tsai da tarago, ko birki ko kan sarƙar hawa. Doka ɗaya ce: tarago ba zai shiga yanki ba sai na gabansa ya fita sarai.

Masu lura da wannan doka waɗansu ƙananan na'urori ne da aka jera a gefen dogo. Bari mu kira su idanu. Waɗansu sukan ji ƙarfe in ya matso kusa, ko bai taɓa su ba. Waɗansu haske suke aikawa daga wannan gefe zuwa wancan, tarago in ya gitta ya yanke hasken. Kowane ido yana kai labari ga kwamfuta, ita kuwa tana lissafi, wane ya shiga, wane bai fita ba tukuna. Sau da yawa kwamfuta biyu ake sa wa, su riƙa gwada amsarsu. Da zarar sun saɓa, sai a tsai da kome.

Abin da ya fi burge ni shi ne birkin. A mota, sai ka taka birki ya kama. Nan kuwa a jirage da yawa an juya al'amarin. Sifirin ne yake matse birkin kullum, ƙarfin iska ne yake buɗe shi tarago ya wuce. Kadan wuta ta ɗauke, ko bututun iska ya fashe, birki ya koma a rufe da kansa. Watau lalacewar abin ita ce take tsai da jirgi. Akwai kuma birkin maganaɗisu, inda wani faifan jan ƙarfe yakan ratsa tsakanin maganaɗisu biyu, gudu ya ragu ba tare da an goga kome ba, ba kuwa ruwansa da lantarki. Ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin hawa, wani ƙugiya ne yake bin haƙoran ƙarfe, don ko sarƙa ta tsinke tarago ba zai koma da baya ba. Saboda haka in kun ga labari cewa jirgi ya tsaya da mutane a sama, galibi idanun ne suka yi aikinsu.

Amma ku ji abin da ya faru a Alton Towers ta ƙasar Ingila ran 2 ga Yuni, 2015. An aika da tarago wanda ba kowa ciki domin gwaji, iska mai ƙarfi ta tare shi, ya tsaya a wani kwari a tsakiyar hanya. Aka saki na biye da mutum 16. Kwamfuta ta ga yankin gaba bai kuɓuta ba, ta tsai da su a kan tudu. Injiniyoyi suna tsammani tarago 4 ne a kan hanya, alhali an ƙara na 5. Suka ɗauka na'ura ce ta ruɗe, suka soke gargaɗinta da hannu. Taragon ya gangara ya yi karo da wancan. Sai da aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5, gama an tarar ba a shirya wa ma'aikatan ƙa'ida sosai a kan lokacin da ya halatta a soke gargaɗi ba. A ganina hukuncin ya yi daidai da aka ɗora laifin a kan masu wurin. Tun a Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a 22:8, mai gida ne aka ɗora wa alhakin kewaye rufin soronsa don kada wani ya faɗo.

Yanzu ga abin da ya shafe mu, tun da yake a manyan garuruwanmu ma akwai wuraren lilo da yara sukan matsa a kai su lokacin Kirsimati. A manyan jirage na zamani akwai ido a kan ƙarfen da yake riƙe mutum a kujera, in bai kulle ba tarago ba zai tashi ba. Amma idon nan bai san ko wanda yake zaune ya isa ba. Ƙaramin yaro yana iya zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen da ya kulle daram. Shi ya sa ake ajiye sandar awon tsawo a ƙofa. Iyaye, in mai tsaro ya ce ɗanku bai kai ba, kada ku roƙe shi, kada kuma ku sa yaron ya yi ɗage. Kafin ku biya kuɗi, ku tsaya ku kalli zagaye ɗaya ko biyu, ku ga ko mai kula yana bin kujeru ɗaya ɗaya yana jan ƙarfen da hannunsa kafin ya danna maɓalli.