Ciwon Tsatso Mai Sauka Ƙafa: Tafiya Ta Fi Kwanciya

Da zarar damina ta kankama a Achika da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Wudil, akan ga magidanci yana ɗingishi, hannu dafe da kwankwaso, yana cewa wani abu kamar wutar lantarki na tsarga masa daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya da sha-raɓa har yatsun ƙafa. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce ya taka sammu. Likitoci kuwa suna kiran wannan ciwo sayatika, kuma galibi tushensa yana can cikin gadon baya, nesa da inda ake jin zafin.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, biyar daga cikinsu a tsatso. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, gefensa tauri, tsakiyarsa laushi kamar kamu mai kauri, aikinsa shi ne rage girgiza, tamkar gammo a kan mai ɗaukar tulu. Yawan sunkuyo da fartanya, ciccibar buhu daga ƙasa da murɗa jiki, doguwar tafiya a kan babur bisa hanya mai gargada, da kuma shekaru, duk suna raunana gefen faifan. In ya bulluƙo ta baya, sai ya danne saiwar jijiya, ya kuma sa ta kumbura. Saiwoyin nan ne ke haɗuwa su zama jijiya mafi kauri da tsawo a jikin ɗan Adam, wadda ke sauka ƙafa. Shi ya sa ake jin zafi a ƙafa alhali lafiyarta ƙalau. Tun 1934 wasu likitoci biyu na Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wannan alaƙa.

Abin takaici shi ne yadda akan tari ciwon. Mai shi yakan shimfiɗa tabarma ya kwanta mako biyu ko uku, a aika yaro kemis ya sayo “haɗi”, wato ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, ba suna ba adadi. In bai ji sauƙi ba a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga a cinya, inda ba nan cutar take ba.

Batun kwanciya an daɗe da gwada shi. A 1999 masu bincike a ƙasar Holan suka raba masu sayatika 183 gida biyu: wasu suka kwanta mako biyu, wasu suka ci gaba da zirga-zirga gwargwadon iko. Masu kwanciyar ba su riga sauran warkewa ba. Doguwar kwanciya ma tana sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sanƙare, tsoron motsi ya shiga zuciya. Hutun kwana ɗaya ko biyu lokacin da ciwon ya yi tsanani ba laifi ba ne; abin da ya wuce haka asara ce, musamman ga manomin da ciyawa ba za ta jira shi ba.

Dalilin da ya sa haƙuri ke da amfani shi ne jiki da kansa yana gyara ɓarnar. Kumburin jijiyar yakan sauka, kuma sau da yawa abin da ya bulluƙo daga faifan yakan motse a hankali. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa wata uku ba tare da tiyata ba. Hoto ma bai kamata ya firgita kowa ba: a 1994 an ɗauki hoton MRI na mutane 98 a Amurka waɗanda ba sa ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kashi 52 cikin 100 suna da faifan da ya bulluƙo. Don haka sayar da akuya domin hoto a makon farko gaggawa ce marar amfani.

To, ina matsayin magani? Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna iya rage zafi kaɗan, har mutum ya samu ya tashi ya taka. Iyakar aikinsu ke nan. Ba sa mayar da faifai wurinsa. Shan su wata da watanni, ko haɗa biyu a lokaci guda, ko sha ciki ba abinci, yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma mai hawan jini da mai juna biyu sai da izinin likita. Tramadol kuwa, wanda ya riga ya zame wa matasan Kano annoba, bashi ne mai ruwa: yau ya ba da sauƙi, gobe jiki ya ƙi aiki sai da shi. Hatta pregabalin da ake yayi, gwajin da aka buga daga Ostiraliya a 2017 ya nuna bai fi ƙwayar da ba magani cikinta rage zafin sayatika ba, sai dai ƙarin jiri. Akwai kuma allurar ɗuwawu da wanda bai ƙware ba ke yi. In ta kauce ta soki jijiyar nan, ƙafa na iya shanyewa, a je neman sauƙi a dawo da nakasa.

Motsa jikin da ake nufi ba ya bukatar kuɗi. Tafiya a ƙasa mai laushi, minti biyar zuwa goma sau da yawa a yini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kwanciya rub-da-ciki a ɗaga ƙirji bisa gwiwar hannu tana taimakon wasu. Wasu kuma sun fi jin daɗin kwanciya rigingine su jawo gwiwa zuwa ƙirji. Ma'aunin guda ne: in zafin yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsatso, ana kan hanya; in yana ƙara gangarawa ƙasa, a dakata. Wajen ɗaukar kaya a durƙusa da gwiwa, a rungumo kayan jikin ƙirji, buhu kuma a kama shi mutum biyu. Ma'aikatan gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun san yadda ake tsara wa kowa irin nasa, kuma ziyara ɗaya gare su ta fi ledar haɗi goma.

Sai dai akwai alamun da ba a yi musu haƙuri, kuma ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai su, domin sau da yawa ɗalibin sakandare shi ne mai karanta takardar magani a gidansu. In fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta fara ja a ƙasa, to a nufi asibiti a ranar, domin jinkiri na iya barin lahani na har abada. Haka kuma ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, rama da gumin dare: a ƙasar Hausa tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya cinye shi har doro ya fito, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Tiyata tana da gurbinta ga irin waɗannan, da kuma wanda ya shafe watanni zafi bai ragu ba. Wani bincike na Holan a 2007 kan mutane 283 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun riga samun sauƙin ƙafa, amma bayan shekara guda su da waɗanda suka jira sun zo daidai.