Ƙanzon tukunyar Mdou Moctar da kaset ɗin da ke ruɓewa a N'Djamena

A shekarar 2022 kamfanin faifai na Matador da ke birnin New York ya fitar da wasu ƙananan kundaye biyu na ƙungiyar Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu. Sunansu Niger EP, kashi na ɗaya da na biyu. Babu wanda ya shiga sutudiyo dominsu. An tattaro su ne daga abin da aka naɗa a Nijar tsakanin 2017 da 2020, a gidajen biki, a wajen gwaji, da zaman kiɗa a gidajen mutane. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa wa ƙungiyar jitar bas, shi ya tsince su ya jera. A ganina waɗannan kundaye sun cancanci kuɗin da aka sa musu, kuma mu mazauna N'Djamena muna da abin ɗauka a cikinsu fiye da mutanen New York.

Ga wanda bai tashi da garmaho ba, bari in yi ɗan bayani. Ƙaramin faifan da ake kira mai juyi 45 fuska biyu gare shi. A fuskar farko ake sa waƙar da kamfani ke son gidajen rediyo su yi ta sawa. A fuskar baya kuma sai a cike gurbi da wata da ba a ɗora wa buri ba. Bayan shekaru sai a tara waɗannan na baya, a haɗa da na gwaji da waɗanda aka naɗa a gaban jama'a, a fitar da su kundi guda. Turawa sun daɗe suna yi. Ƙungiyar The Smiths ta birnin Manchester ta fara sakin "How Soon Is Now?" a bayan faifai a 1984, daga baya ta zama cikin waƙoƙinsu da aka fi sani a duniya. Oasis kuma sun tara nasu a kundin The Masterplan a 1998, har yau akwai masoyansu da ke fifita shi a kan wasu manyan kundayensu.

Na san abin da masu suka ke cewa, kuma ba duka ne shirme ba. Suna cewa ƙanzo ne aka kankaro daga gindin tukunya aka zuba a kwanon tangaran ana sayarwa da kuɗin tuwo. Sauti ba ya fita tas, ga hayaniyar mutane, ga amsa-kuwwa da ke shaƙewa. Suna kuma cewa in da waƙar ta kai, ai da mai ita ya sa ta a babban kundi tun farko. Wani lokaci haka ne. Akwai kamfanonin da in mawaƙi ya mutu ko ƙungiya ta watse sai su bi duk wani tari da ya yi a gaban makirufo su sayar. Wannan cin kasuwar makoki ne, ba na goyon bayansa.

To amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba kowane ƙanzo ake ba kaji ba. Wani har rububinsa ake yi.

Ɗauki "Imouhar". A Niger EP na ɗaya ta fara fitowa, kusan minti 13, da gangar na'ura a ƙarƙashinta tana maimaita bugu ɗaya, shi kuma Mdou yana zagaye da jita ba ya gaggawa. Sai a 2024 ta sake fitowa a babban kundinsu Funeral for Justice, an taƙaita ta, an ba ta cikakkun gangunan Souleymane Ibrahim, an gyara ta yadda za ta cika zauren kiɗa a Turai. Waƙar kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek kada ya salwanta. Wanda ya ji ta 2024 kaɗai ya ji waƙa mai kyau. Wanda ya haɗa da ta 2022 zai gane inda aka datse da inda aka ƙara, zai kuma gane cewa asalinta kiɗan mutanen da ke da dare guda cur a gabansu ne, babu mai duba agogo. Ni malamin makaranta ne, kuma kowane malami zai gaya maka takardar jarrabawa ba ta nuna maka yaro kamar littafin da yake gwaji a ciki, inda ya soke, ya sake, ya bi wata hanya ta ɓace masa ya dawo. In aka ba ni zaɓi in san ɗalibi, wancan mai dattin nake ɗauka.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu. A Turai da Amurka babban kundi shi ne ainihin aikin mawaƙi, sauran kuwa rara ne. A nan yankinmu abin a juye yake. Makaɗi yana rayuwa ne da biki da suna da taron jama'a, kundi kuwa in ma an yi shi, baƙo ne da ke zuwa sau ɗaya a shekaru. Shi kansa Mdou Moctar kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, kuma ba a shagon faifai ya bazu ba. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da memori, a tasha, a cikin mota, a majalisar shayi. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji "Tahoultine" ya sa ta a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya samo mai ita. Kenan abin da New York ke kira rara, a Agadez shi ne tuwon. Niger EP ya fi Afrique Victime na 2021 kusa da abin da mutumin Abalak ko Tawa ya sani da sunan Mdou Moctar, duk da cewa Afrique Victime ne ya sa jaridun duniya suka san shi.

Ga wani misalin daga Yamai. Mamman Sani, wanda shi ma ya yi koyarwa, ya naɗi kaset guda na kiɗan ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978. Shekara da shekaru 'yan Nijar na jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san sunan mai shi ba. Sai a 2013 Sahel Sounds ya sake fitar da wannan kaset, a 2015 kuma ya fitar da tarin waɗanda ba a taɓa saki ba, na 1981 zuwa 1984. Mutumin yana raye ya ga aikinsa ya kai shi yin wasa a Turai. Da kaset ɗin nan sun ƙara wasu shekaru a cikin zafin Yamai da ƙurarta, Allah kaɗai ya san abin da zai rage.

Yanzu mu dawo gida. Ina zaune a Moursal, unguwar da in dare ya yi kiɗa ba ya yanke mata. Ba na shiga mashaya, amma katanga ba ta tare sauti, don haka na san abin da ake sawa: kiɗan Kongo, na Kwaddebuwa, na Kamaru, na Legas. Na Chadi na da kuwa, kusan kullum waƙa ɗaya ce, "Les Jaloux Saboteurs" ta Maître Gazonga, wadda ya naɗa a Abidjan a 1984. Waƙa ce mai daɗi, ba musu. Amma mutumin nan, ɗan Am Timan, ya yi shekaru yana zagaye ƙauyukan ƙasar nan da ƙungiyarsa International Challal, inda wanda ba shi da kuɗin shiga ke biya da dawa ko busasshen kifi ko kaza. Ya rasu a 2006. Ina abin da ya kaɗa a waɗancan darare? Ina na Chari Jazz, ƙungiyar da aka kafa tun 1964, wadda Shugaba Tombalbaye ya tura Kongo ta koyo sana'a? Ga filin al'adu mai sunan Talino Manu nan a unguwarmu, yara na wucewa ta gabansa kullum za su makaranta. Ka tsayar da goma ka ce su kawo maka waƙarsa uku, ka ga yadda za a yi.

Kowa ya san yaƙin 1979 da 1980 ya ci abubuwa da yawa a birnin nan, mutane sun tsallaka Kousseri da abin da hannu zai iya ɗauka. Sai dai ba komai ya ƙone ba. Akwai kaset a cikin akwatunan dattawa, a hannun tsofaffin masu shagon naɗar kaset a kasuwa, a hannun iyalan makaɗan da kansu. Mu Hausawan garin nan ma muna da namu: makaɗan bikin da suka yi wa iyayenmu wasa, da waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da fatake suka naɗo daga rediyon Kaduna, wasunsu ba za ka same su a intanet ba. Zaren kaset yana manne wa juna in ya daɗe a zafi, kuma mai akwatin in ya rasu, magada gida da fili suke rabawa, akwatin kaset sai bola.

Aikin ba ya buƙatar miliyoyi. Rakoda mai lafiya, kwamfuta, igiyar haɗa su, da mutum mai haƙuri da zai zauna ya rubuta wa ya kaɗa, a ina, wace shekara. Wannan rubutun shi ne rabin aikin, don waƙar da ba a san mai ita ba kowa na iya cewa tasa ce. Ina ganin hukumar ONAMA mai kula da rediyo da talabijin na ƙasa ita ta fi dacewa ta buɗe ɗakin da mutum zai kawo kaset ɗinsa a kwafa a mayar masa da abinsa a ranar. Ofishin haƙƙin mallaka na BUTDRA kuma ya tsaya a kan batun izini da kuɗi.

Wannan batun na kuɗi kada a raina shi. Abin da ya sa na yarda da Niger EP shi ne ƙungiyar da kanta ta zaɓa, tana raye, ta san abin da take so a ji da abin da take so ya tsaya a gida. Gazonga ba ya nan da zai zaɓa. In har za a tara nasa, iyalansa da abokan kiɗansa da suka rage su za a fara zaunarwa, a rubuta rabon kowa a takarda kafin a loda ko da waƙa ɗaya. In ba mu yi haka ba, wata rana wani zai sauka a filin jirgin Hassan Djamous da rakoda a jaka, ya bi gidajen Moursal da Mardjandaffack yana sayen akwati akwati a farashin buhun gawayi, mu kuma mu koma muna sayen katin waya don mu saurari Chari Jazz daga wani kamfani na ƙetare. Ba zan ma zarge shi ba, shi dai ya zo ya tambaya.