Takaddama kan manhajar kyauta: Ina ruwan matasan Kaduna?

Akasarin matasan da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Balewa, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Tudun Wada, suna aiki ne da kayan da ba su biya ko kwabo ba.

Linux da Python da WordPress duk na kyauta ne, kuma ko wayar Android da ke aljihunsu a kan Linux aka gina ta.

Tun bayan da darajar naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farkon watan Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a watan Fabrairun 2024, sayen manhaja da dala ya ƙara fin ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa.

Wannan ne ya sa ka-ce-na-ce ɗin da ake yi a Amurka da Turai game da lasisin irin waɗannan manhajoji ya wuce a ce masa faɗan da babu ruwanka.

Waƙafi ko kyauta?

Tushen rikicin daɗaɗɗe ne. A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU, sannan a 1989 ya fito da lasisin GPL.

Lasisin ya bai wa kowa damar amfani da manhaja, da duba ainihin rubutun da aka gina ta da shi, da sauya shi, har ma da sayarwa. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya yi gyara kuma ya rarraba, tilas ne ya saki gyaran nasa a kan wannan ƙa'ida.

Abin ya yi kama da rijiyar waƙafi. Kowa na iya ɗiban ruwa, amma babu mai ikon zagaye ta da katanga.

Akwai kuma wasu lasisin masu sassauci, irin su MIT da BSD, waɗanda suka fi kama da kyauta: da zarar an miƙa maka, kana iya sa ta cikin hajarka ka rufe. A kan lasisin MIT ne ɗan Nijeriya Segun Adebayo ya saki manhajarsa ta Chakra UI, wadda masu gina shafukan intanet ke amfani da ita a ƙasashe da dama.

Ɓangarorin biyu sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Ko a 2007, lokacin da aka fito da kashi na 3 na GPL, Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux a 1991, ƙin komawa kansa ya yi.

Abin da ya faru a Nijeriya

A wannan shekara ta 2007 ne rigimar ta iso Nijeriya. An ƙulla cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel domin makarantu, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva da ke Faransa.

Kwatsam sai aka ji cewa za a goge Linux ɗin a maye gurbinsa da Windows.

A ƙarshen watan Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana zargin kamfanin da rashin bin hanyar da ta dace. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba.

Daga bisani asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ya biya kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce Linux zai ci gaba da zama a kansu.

Ballmer dai shi ne mutumin da a 2001 ya kwatanta Linux da cutar daji. Amma a 2018 Microsoft ya biya dala biliyan 7.5 ya sayi GitHub, rumbun da akasarin manhajojin kyauta ke ajiye.

Shi kuwa kamfanin Mandriva a 2015 ya durƙushe. Sai dai manhajarsa ba ta bi shi kabari ba, domin lasisin ya bai wa wasu damar ci gaba da ita da sunayen Mageia da OpenMandriva.

A nan ne GPL da makamantansa suka nuna amfaninsu, kuma an sake ganin haka a baya-bayan nan. A watan Maris na 2024 kamfanin Redis ya janye daga lasisin BSD, bisa ƙorafin cewa manyan kamfanoni na cin riba da guminsa. Cikin 'yan kwanaki wasu suka kwashi tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan Valkey, da goyon bayan Amazon da Google. A watan Mayun 2025 Redis ya sassauto.

Wato ta fuskar doka, ɗalibin da ke Unguwar Rimi yana da kariya: abin da aka riga aka saki a kan lasisin 'yanci, yana da wuya a ƙwace shi.

Inda lasisi bai kai ba

Inda gizo ke saƙar shi ne lasisi yana kare rubutu ne kawai. Ba ya kare mutumin da ke kwana yana gyara shi.

Tsokana da cin mutunci sun daɗe da zama ruwan dare tsakanin masu rubuta manhaja, har wasu na ɗaukarsu a matsayin alamar ƙwarewa.

Torvalds kansa ya yi ƙaurin suna wajen zazzaga wa masu kawo gyara baƙaƙen maganganu. Ficewar Sage Sharp daga aikin Linux a 2015, bisa ƙorafin rashin mutunta mutane, ta ja hankali sosai. A watan Satumbar 2018 Torvalds ya fito ya nemi afuwa, ya ɗan tafi hutu, aka kuma kafa ƙa'idar ladabin mu'amala.

Wasu sun yi tir da matakin, suna cewa siyasa ce ake cusawa cikin sha'anin fasaha. Abin da ya faru da manhajar XZ ya raunana wannan hujja ƙwarai.

XZ wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse bayanai, wadda ke cikin kusan kowane nau'in Linux. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita, Lasse Collin, ba tare da albashi ba.

A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gudummawa. A 2022 sai wasu baƙin sunaye suka taso Collin a gaba da gori da matsin lamba, suna cewa ya gaza, ya kamata ya miƙa ragama ga wani. Ya amsa musu cewa aikin sa kai ne yake yi, kuma yana fama da larura. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon sakin sabon zubi.

A farkon 2024 aka dasa wata ɓoyayyar kafa a cikin manhajar, wadda da ta yaɗu, da ta bai wa mai ita damar kutsawa cikin ɗimbin manyan kwamfutocin da bankuna da gwamnatoci ke dogaro da su.

Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ne ya lura da jinkirin kimanin rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi sawu, ya kuma tona asirin a ranar 29 ga watan Maris.

Babu wata ƙa'idar lasisi da aka karya kafin a kai ga wannan matsayi. Gajiyar da mutum ɗaya kawai aka yi.

Daga masu ɗiba zuwa masu zubawa

Kamfanin GitHub ya ce yawan masu rajista daga Nijeriya ya haura miliyan ɗaya a 2024. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, wanda minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, na da burin horar da mutum miliyan 3. A Kaduna ma an buɗe cibiyar KAD ICT Hub tun 2017.

Sai dai irin wannan horo ya fi karkata ga yadda za a samu aiki da manhaja, fiye da sanin sharuɗɗan da ke tattare da ita.

Wannan giɓi na da haɗari. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta. Matashin da ya kwashi rubutun GPL ya cusa cikin hajarsa, ya sayar ba tare da cika sharaɗin ba, ya keta haƙƙin wani, ko da kuwa bai biya kuɗi wajen samunsa ba.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Mai koyo daga arewacin Nijeriya yakan shiga cikin waɗannan ƙwararru ne da Turancin da ba harshensa na farko ba, ga tsadar data, ga ɗaukewar wutar lantarki. Idan tambayarsa ta farko ta gamu da izgili, da wuya ya sake ta biyu. Ga mata kuwa, abin ya fi muni.

Doka ba ta da wani abin kirki da za ta yi a kai. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta cin zarafi, amma ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2024. Ko ba haka ba ma, mai tsokanar na iya kasancewa a wata nahiya da sunan bogi.

Sauran aikin yana hannun ƙungiyoyin masu sana'ar. Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, na ƙoƙarin mayar da matasan nahiyar masu ba da gudummawa, ta kuma yi babban taronta na farko a Legas a watan Fabrairun 2020.

Batun lasisi ya riga ya taɓo harshen Hausa kansa. Muryoyin da 'yan sa kai ke naɗa a shirin Common Voice na Mozilla ana sakinsu ne a kan ƙa'idar CC0, wadda ta bar kowane kamfani ya ɗauka ba tare da biya ko ambaton suna ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 2024 wasu masana shari'a na Afirka, ciki har da 'yar Nijeriya Chijioke Okorie, suka fito da lasisin Nwulite Obodo, wanda ya bambanta sharuɗɗan ɗan ƙasa mai tasowa da na kamfanin da ya fito daga ƙasa mai arziki.