Fis Kaɗai Ba Ya Tsare Gida

A Isa da Sabon Birni, idan magidanci ya gama gini sai ya kira mai haɗa wuta, a ja waya, a sa fis, a ce aiki ya kammala. Alhali kuwa da sauran aiki. Fis ba ya yankewa sai wutar da ke bin waya ta wuce kima ƙwarai, kuma wadda ke kashe mutum ba ta kai ko kusa da haka ba.

Da damina, yaro ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ya taɓa firjin da wayarsa ta sāɓule. Wuta ta bi jikinsa zuwa ƙasa, fis yana nan daram. Maganin wannan shi ne na'urar da ake kira RCD, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta komo. Da bambancin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke nan take.

Masifar hunturu kuwa daban ce. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko wadda ɓera ya gaigaya a cikin silin, takan yi ta tartsatsi a ɓoye kusa da busasshen katako. Wutar ba ta wuce kima ba, ba ta kuma tsiyaya zuwa ƙasa ba, saboda haka fis da RCD duka ba su san ana yi ba. Wannan aikin na'urar gano tartsatsi ne, wadda ƙa'idar haɗa wuta ta Amurka ta wajabta wa ɗakunan kwana tun 2002. Can sukan haɗa biyun, mai gano tartsatsi a akwatin wuta, mai gano tsiyaya a soket ɗin kicin da makewayi, domin ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya aiki.

Wanda ƙarfinsa bai kai biyu ba, ya fara da RCD, ita ta fi araha. Sai dai wajibi ne wutar janareto da ta sola su ma su bi ta cikinta, ba a ja su kai tsaye zuwa ɗaki ba, kamar yadda aka saba.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba aikin wuta, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara da gine-ginenta: gidajen ma'aikata, asibitoci, da ɗakunan kwanan ɗalibai, inda yara da yawa ke barci a ƙarƙashin rufi ɗaya.